Zobba Uku a Ƙarƙashin Faranti

Ranar da suka zo, ina tsakiyar ɗinka hannun riga Mai Aski ya leƙo shagona da almakashi a hannu, ya ce, "Tela, fito, ga 'yan hukuma can a wurin Baba." Ko ƙafa ban ɗaga daga kan keke ba. Na ce masa su yi ta zuwa mana, ai in duk mutanen layin nan za a kwashe, Babana ne zai rage yana yi musu gadin shaguna. Wallahi haka na faɗa, har da dariyata.

Shekara talatin da huɗu Baba ya yi yana sayar da fulawa da sukari da shinkafa da wake a shago ɗaya, ƙofa uku daga nawa. Baba Rinjaye ake ce masa, don ba ya ɗauke hannu sai ya ga farantin kaya ya sauka. Sikelinsa tsohon ƙarfe ne mai koren fenti, faranti biyu, na hagu na duwatsun awo, na dama na kaya, da allura a tsakiya. Lasisinsa kuwa yana rataye cikin gilashi a saman buhunan sukari, kuma duk shekara shi ne na farko a layin sabuntawa, sai ka ce ana raba wani abu. Bara hukumar da ke kula da 'yan kasuwa a birnin nan ta tara masu ƙananan shaguna, aka yi jawabai aka ɗauki hotuna, aka ba kowa sikeli mai lantarki kyauta. Baba ya yi godiya ya kawo nasa gida, washegari ya ɗora shi a saman kanta cikin kwalinsa, ya mai da kwalin wurin ajiye hularsa.

Da na ji hayaniya ta yi yawa ne na yar da rigar na fita. Mutane sun cika ƙofar shagon. A ciki akwai wata jami'a mai tabarau, yarinya ce da ba za ta girme ni ba, ta buɗe wani baƙin akwati mai ɗauke da duwatsun tagulla a jere, kowanne a raminsa. Ta ɗora dutsenta na kilo ɗaya a farantin kaya, ta ɗora na Baba a farantin hagu. Allura ta karkata. Ta sauke ta sake ɗorawa, allura ta sake karkata. Sai ta ɗaga farantin hagu ta kifa shi.

Zobba uku na ƙarfe, irin masu huda a tsakiyar nan da makanikai ke sa wa kusoshi, manne a ƙarƙashin farantin, sun yi baƙi don daɗewa.

"Kai!" in ji wani daga baya. Wata ta ce, "Innalillahi, har da Baba?" Duk wanda ya taɓa shiga kasuwa ya san labarin ƙarfe a ƙarƙashin faranti, ba sai an yi masa bayani ba. Kuma bari in faɗi abin da har yau nake jin kunyarsa: ni ma na zarge shi. Na kalli mahaifina na ce a raina, ashe? Na ɗan lokaci ne ƙanƙani, amma na yi.

"Baba, ka san da waɗannan?" in ji jami'ar.

"Ni na manna su."

"Ka san doka ta hana a maƙala wani abu a jikin sikeli?"

"'Yata, ki duba ki ga wane faranti ne."

"Ko wanne ne, Baba. Doka ba ta ware faranti ba."

Ta cike fom, ta sa direbansu ya ɗauki sikelin, ta zaro wata jar takarda ta shafa mata gam ta liƙa a ƙofa daidai idon mai wucewa. An rubuta da manyan baƙaƙe cewa an samu ƙarfe a maƙale a ƙarƙashin sikelin wannan shago, an ƙwace sikelin, kuma kada a cire takardar sai bayan kwana talatin. Kafin motarsu ta bar layin, na ƙirga waya bakwai a sama ana ɗaukar hoton ƙofarmu.

Da yamma a gida na kai masa shayi ya ƙi sha. Na zauna a gabansa na ce, "Baba, don Allah ka faɗa min."

Ya dube ni, ya gane abin da ke cikin tambayar, ya kawar da kai. Sannan ya buɗe tafukansa biyu kamar farantai. "Uwata," haka yake kirana, "ga dutse a nan, ga kaya a nan. In mutum zai cuci mai saye, a wane ɓangare zai sa ƙarfe?"

Na ce, "A na kaya, don ya yi saurin sauka."

"To nawa a ina suke?"

A farantin dutse suke. Wato duk kilo ɗin da Baba ya auna, sai ya zuba kayan da za su ɗaga dutsen su kuma ɗaga zobban nan uku. Na ji kamar in buga kaina da bango.

Ya ce na farkon ya manna shi ne shekarar da ya buɗe shago, saboda jakar takardar da ake zuba kaya a ciki, don ba zai sayar wa mutum takarda a matsayin sukari ba. Na biyu saboda fulawa, da ya lura kullum akwai wadda ke liƙewa a faranti ta ƙi bin mai ita. Na uku kuma shekara tara da suka wuce, da idonsa ya fara hazo yana ganin allurar biyu-biyu. Ya ce ya ji tsoron kada ya ɗauka ta tsaya a tsakiya alhali ba ta kai ba, sai ya ƙara babban zobe, yadda in kuskure ya zo zai faɗo a kansa.

"To me ya hana ka faɗa wa mutane?"

"In ce musu me? Ai haƙƙinsu ne. Innarki kaɗai ta sani, Allah ya jiƙanta, ita ta riƙe min farantin ina mannawa."

"Nawa ne nauyinsu?"

"Oho. Ban taɓa aunawa ba."

Washegari tun kafin a buɗe ƙofa ina tsaye a ofishin hukumar. Ku zo ku ga bangonsu. Ga hoton mace tana murmushi da kwandon kaya, an rubuta muna kare haƙƙinki. Ga na dattijo a shago, an rubuta muna tare da ƙananan 'yan kasuwa. Na ce sannunku da tarayya. Na karɓi lamba na zauna. Tagar farko suka ce wannan ba maganar lasisi ba ce, in je ta uku. Ta uku suka ce su ƙorafin masu saye suke karɓa, ni mai saye ce? Na ce ni 'yar wanda kuka zubar wa mutunci ce, wace taga ce tamu? Mutumin ya dube ni ta saman gilashi ya nuna min bene.

A sama na samu shugaban sashen awo, wani mai tumbi da alƙalami uku a aljihu. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya ba ni kujera, ya saurare ni har na gama. Na roƙe shi abu ɗaya, a kawo sikelin a gwada a gabansa. Ya aika aka ɗauko shi daga ɗakin ajiya da wata takarda ɗaure a wuyansa kamar akuyar da aka kama a gonar mutane, aka kira mai tabarau ta zo da akwatinta. Na ce ta ɗora dutsenta a hagu, ta zuba duwatsu a dama har allura ta tsaya. Ta ɗora kilo ɗaya, bai isa ba. Ta ƙara giram hamsin, bai isa ba. Sai da ta ƙara goma allurar ta miƙe.

Na ga hannunta ya tsaya a sama. Ta cire tabarau ta goge ta mayar. "Ranka ya daɗe," ta ce a hankali, "ƙari yake yi musu. Giram sittin a kowane awo."

"Ikon Allah," in ji shugaban. "Wannan dattijo mutumin kirki ne."

Na ce, "Alhamdulillahi. To a je a cire takardar."

Ya jawo fom ya juyo min shi, ya sa bakin alƙalami. "Malama, duba nan. Gurbi biyu ne. Daidai, ba daidai ba. Sikelin mahaifinki daidai yake?"

"Ai kai da bakinka ka ce..."

"Daidai yake?"

"Ba daidai yake ba, amma wa aka cuta?"

"Fom bai tambayi wa aka cuta ba. An samu ƙarfe ko ba a samu ba? An samu. Akwai kalma ɗaya ta ƙarya a takardar nan?"

Babu. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan, babu ƙarya ko ɗaya a cikinta, kuma duk wanda ya karanta ta ƙarya zai tafi da ita gida. Na ce to a ƙara layi ɗaya a ƙasa, da biro ma ya isa, a ce ƙarfen yana ɓangaren dutse. Ya ce takardar hukuma ba a yi mata ƙari da hannu. Na ce a buga wata. Ya ce sai kwamiti ya zauna. Ya ce amma ina da damar ɗaukaka ƙara, har ya miƙo min fom ɗin da fara'a. Na tambaye shi kwana nawa ake yi kafin a amsa. Ya ce sittin.

"Takardar kwana talatin za ta yi, ranka ya daɗe."

"To kin ga kafin nan ma an cire ta," in ji shi, kamar wanda ya yi min albishir. "Kuma fa mun ba shi sabon sikeli bara. Da ya yi amfani da shi, da duk wannan bai taso ba."

Na miƙe don in na ƙara minti ɗaya a ɗakin nan da 'yan sanda za a fitar da ni. A matakala mai tabarau ta biyo ni tana cewa, "Yaya, ki tsaya." Ban tsaya ba. Na ce ta je ta nemi yayarta a inda ta bar ta.

Baba bai rufe shago ko na yini ɗaya ba. Ya sauke kwalin nan, ya kaɗe ƙura, Mai Aski ya jona masa sikelin a wuta ya nuna masa maɓallin da ke cire nauyin leda. Lambobin manya ne jajaye, ko da hazon idonsa yana ganinsu. Ya share ƙofa, ya jera buhuna, ya zauna a kujerarsa a ƙarƙashin jar takarda. Mutanen da ya sani tun suna goye sai su tsallaka titi in sun zo daidai shagon, su yi kamar ana kiransu a waya. Ni kuwa na bi layi ƙofa ƙofa ina bayani, ina buɗe tafukan hannu kamar yadda ya yi min, ga dutse a nan ga kaya a nan. Kowa sai ya gyaɗa kai ya ce, "Allah sarki, ai dole ki faɗi haka." A kwana na huɗu na ji mai sayar da katin waya yana yi wa wani kwatance yana cewa, "Ka wuce shagon Baba Mai Zobe." Na tsaya na wanke shi tas, har matarsa ta fito ba ni haƙuri, amma sunan ya riga ya kama.

A kwana na shida Mai Kek ta zo. Ita ce ke yin kek na biki da na shaguna a bayan layinmu, shekara ashirin da biyu ba ta sayi fulawa a wurin kowa ba sai Baba. Babbar mace ce mai babbar murya, kuma ranar da gangan ta sake ta. Tun daga bakin titi take cewa, "Ina masu tsallaka titin? Ku fito ku gan ni, ga ni zan shiga! Takardar banza takardar wofi. Ni za a gaya wa Baba Rinjaye?" Na baro keke da gudu na zo na tsaya a bayanta, hawaye na neman zubo min don daɗi. Baba ya miƙe, rabon da in ga haƙoransa tun ranar da abin ya faru.

Ta dire gwangwaninta a kan kanta. Tsohon gwangwanin madara ne babba, shekara takwas da suka wuce ta karce layi a cikinsa da wuƙa kusa da baki. Duk kek ɗinta a kan layin nan yake: kilo ɗaya na fulawar Baba, in an bubbuga gwangwanin sau biyu, daidai layin yake tsayawa, daga nan take sanin ƙwai nawa da sukari nawa. Baba ya zuba fulawa har lambobi suka nuna kilo ɗaya, ya ɗan ƙara kaɗan da yatsu, ya juye mata. Ta bubbuga sau biyu.

Fulawa ta tsaya ƙasa da layi da faɗin yatsa guda.

Ta sake bubbugawa, ta leƙa, ta karkata gwangwanin wajen haske. Ta dubi Baba. Shi ma ya leƙa, na ga ya gane, sai ya yi sauri ya ɗebo da ludayi ya cika mata har layin. Da ma bai yi ba.

"Sai da na duba," ta ce, muryarta ta sauka. "Da ban duba ba shi ke nan."

Na ce, "Yaya, tsaya ki ji. Wannan shi ne kilo na gaskiya. Wanda kika saba karɓa ya fi kilo, zobban nan ƙari suke yi miki."

"Tela, ki dubi furfurata. Wa ya taɓa manna ƙarfe don ya cuci kansa? Shekara takwas gwangwanin nan bai taɓa yi min ƙarya ba. An ƙwace wancan, an samo dabarar wannan." Ta juya ga Baba, idonta ya kawo ruwa. "Na tsaya a titi ina rantsuwa a kanka, Baba. Ka ba ni kunya."

Ta juye fulawar a kan kanta, ta ɗauki gwangwaninta ta fita. Mutanen da muryarta ta tara suna nan tsaye, sun ga komai. Baba ya ɗauko tsumma ya tattara fulawar a hankali ya mayar buhu. A jikin jar takardar nan, can ƙasa, akwai lambar wayar da mai saye zai kira in an tauye masa awo. A gaban idona Mai Kek ta tsaya ta kwafe ta.

Ka ga aikin hukuma in ƙorafi ne a kan talaka: kwana biyu kacal sai ga motarsu. Ni da aka ce in jira kwana sittin! Mai tabarau ce ta sauko da baƙin akwatinta, Mai Kek na biye da ita da gwangwani a hammata, layi kuma ya sake cika, har da waɗanda suka rufe shagunansu don kada a ba su labari. Na tare ƙofa na ce, "Yau kuma wace kala kika kawo? Jar ba ta ishe ku ba?" Baba ya ce, "Uwata, ba ta hanya."

Ta gaishe shi har da rusunawa. Ta ɗora dutsenta a sabon sikelin, lambobi suka nuna kilo ɗaya cif. Ta gwada na rabi, ta gwada na kilo biyu, duk daidai. Mai Kek ta ce ita ba ruwanta da duwatsu, a zuba fulawa a gwangwaninta a gani. Jami'ar ta auna da hannunta ta juye, aka bubbuga sau biyu, fulawa ta tsaya ƙasa da layi.

"Kun gani ko!" in ji Mai Kek.

Sai mai tabarau ta buɗe jakarta ta zaro wata ambulan mai hatimi. Daga baya na ji sai da ta sa hannu a takarda uku kafin a bar ta ta fito da ita. Ta zazzage ta a kan sikelin, zobban nan uku suka faɗo suna ƙara. Lambobi suka nuna sittin. Ta kwashe su, ta auna fulawa giram sittin, ta zuba a gwangwanin, ta miƙa wa Mai Kek ta ce, "Mama, bubbuga da kanki."

Ta bubbuga. Fulawa ta kwanta a kan layin kamar an ja shi yau.

Jami'ar ta juya ta fuskanci titi. Ta ɗaga murya. Ta ce ita ce ta cire zobban nan, kuma a farantin dutse ta same su, ba a na kaya ba. Ta ce duk wanda ya taɓa sayen awo ɗaya a shagon nan ya tafi da abin da ya fi nasa. Ta ce ranar farko dattijon ya ce ta duba wane faranti ne, ita ce ba ta tsaya ta duba ba.

Mai katin waya ya sunkuyar da kai yana danne-danne. Na duba ko'ina, wallahi waya ko ɗaya ban ga an ɗaga ba. Ranar da aka liƙa takarda bakwai na ƙirga.

Mai Kek ta ajiye gwangwani ta durƙusa a gaban kanta, da girmanta da komai, tana kuka tana cewa Baba ya yafe mata. Ya ce, "Tashi, ba komai." Sau uku tana roƙo, sau uku yana cewa ba komai, idonsa na kan buhun wake.

Na ja jami'ar gefe na ce, "Abin da kika faɗa yanzu, rubuta shi."

Ta nuna min fom ɗin. Gurbi biyu ne shi ma: ƙorafi ya tabbata, ƙorafi bai tabbata ba. Ta sa alama a na biyu. Ta ce ta rubuta wa shugabansu rahoto na musamman, an ce za a kai wa kwamiti. Na ce takardar ƙofa fa? Ta ce saura kwana ashirin da biyu, in ta cire ta yanzu aikinta ne zai tafi. Zobban ma ta mayar da su ambulan, wai kayan shaida ne. Baba ya bi ambulan ɗin da ido har ta shiga jaka.

Haka takardar nan ta cika kwananta talatin a ƙofarmu, rana ta dafa ta har ta koma ruwan hoda. Mutanen layi sun dawo, ban ce ba su dawo ba, wasu ma har da yawan gaisuwar da ba a tambaye su ba. Amma wanda ya ga hoton a waya daga wata unguwa, wa zai bi shi ya yi masa bayani? Ranar da wa'adi ya cika wani ma'aikaci ya zo ya kankare ta da reza, ya liƙa koriya mai cewa an gwada sikelin wannan shago an same shi daidai. Har ya ce wa Baba, "Barka." Amsar ɗaukaka ƙarata kuwa ta iso bayan wata biyu, layi uku, cewa tunda an riga an cire sanarwar babu sauran abin da za a duba.

Da safen da aka liƙa koriyar ina shagon, na kawo wa Baba maganin idonsa, sai ga Mai Kek. Tun ranar nan kullum sai ta zo, ko ba ta da aiki, kuma yanzu a hankali take magana. Ta gaishe shi ta dire gwangwani ta ce kilo ɗaya. Baba ya ɗora leda ya danna maɓalli, ya zuba fulawa. Lambobi suka hau, suka wuce kilo da giram huɗu.

Na ga ya matso da fuskarsa kusa da lambobin. Sai ya sa yatsu biyu cikin ledar ya tsinko fulawa ya mayar buhu. Saura biyu. Ya sake tsinkowa. Da ya ga kilo ɗaya cif ya ƙulle bakin ledar ya tura mata.

Mutumin da na tashi na gani ba ya ɗauke hannu sai faranti ya sauka. Na ce, "Baba."

Mai Kek ta dubi ledar, ta dubi gwangwaninta, ba ta juye ba. Ta ce, "Baba Rinjaye," kamar mai lallashin yaro.

"Kilo kika ce," in ji shi. Ya nuna mata koriyar takardar da haɓa. "Ga shi can sun rubuta, daidai yake."

Ya ɗauko tsumma ya goge farantin, ya koma kujerarsa ya zauna.